Tsinken gwajin fitsari ya ce lafiyata ƙalau, ni kuwa ina ta murƙususu

Maman Ikram:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ma'aikatan lafiyar da ke zauren nan ku warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai.

Makon jiya ranar Talata na tashi da zafin fitsari, irin wanda in an zo ƙarshe sai a ji kamar an barbaɗa barkono. Ga shi bayan kowane minti ashirin sai na ɗauki buta, in na je kuma ɗan ɗis ne, bai kai cikin cokali biyu ba. Na yini ina ɗirkar ruwa ko zai wanke. Da la'asar haƙurina ya ƙare, na je wani ƙaramin asibiti a unguwarmu. Aka ba ni 'yar roba na kawo fitsari, yarinyar ta tsoma tsinken nan mai kala-kala, ta kara shi a jikin kwalba, ko zama ban gama yi ba ta ce, "Hajiya babu komai, ki ƙara shan ruwa." Na dawo gida ina zargin kaina da raki.

Daren Juma'a sai zazzaɓi da rawar ɗari, gefen bayana na dama kamar ana soka mini allura. Asabar da safe maigida ya kai ni babban asibiti. Can suka karɓi fitsari suka ce za su shuka shi, wato su ajiye shi a lab su ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro, suka fara mini allurai. Da sakamako ya fito aka ce wata ƙwayar cuta ce mai suna E. coli, har ta haura ƙoda.

To ga inda abin ya ba ni mamaki. A wannan makon dai surukata, shekararta 74, ta je awon hawan jini. Ba ta ce ko'ina na mata ciwo ba. Aka tsoma mata tsinke, aka ce ya nuna, aka haɗo ta da kafso na kwana bakwai. Tun kwana na uku take gudawa. Ni mai ciwo an ce ba ni da shi, ita mai lafiya an ce tana da shi. Tsinken nan gaskiya yake faɗa kuwa?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar nan, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ai wannan sanyi ne, duk wata mace ta san shi.

Baban Yusra:
Allah ya ƙara afuwa. Ni dai na daɗe da cewa gwaje-gwajen nan na ƙananan asibitoci hanyar karɓar kuɗi ce kawai. Wane irin gwaji ne a tsoma takarda a fitsari a ce an gano cuta?

Ɗan Lab:
Sannu Hajiya. Baban Yusra, yi haƙuri, tsinken ba yaudara ba ne. Shekarata goma sha ɗaya ina tsoma shi. Matsalar ita ce mutane sun ɗauka ƙwayar cuta yake gani, alhali ba ya ganinta ko kaɗan. Sawunta yake bi.

A cikin 'yan murabba'an nan da ke jikinsa, biyu ne suka shafi maganarmu. Na farko naitarait. Fitsarin mai lafiya yana ɗauke da wani sinadari, naitaret, da ke zuwa daga abinci, musamman ganye irin su alayyafo da latas. Wasu bakteriya, su E. coli da Klebsiella da Proteus, suna juya naitaret ɗin ya koma naitarait, shi ne sai murabba'in ya yi ruwan hoda. Amma juyin yana son lokaci, sai fitsari ya kwanta a mafitsara kamar awa huɗu. Hajiya ta ce duk minti ashirin take zagayawa, kuma ta yini tana shan ruwa. Yaushe ƙwayar ta samu zaman yin aikinta? Fitsarin da ta kai da la'asar kusan ruwa ne zalla. Da na farkon asuba ta kai, wataƙila da labari ya sha bamban.

Na biyu kuma wani sinadari yake nema wanda fararen ƙwayoyin jini ke fitarwa, wato sojojin jiki da ke taruwa inda ake faɗa. Shi ma in fitsari ya tsinke da ruwa yakan yi rauni. Sannan Hajiya ta faɗi wata magana da ta tsaya mini: ko zama ba ta gama yi ba aka ce babu komai. Yawancin kwalabe a jikinsu an rubuta naitarait daƙiƙa 60, fararen ƙwayoyin jini minti 2. Wanda ya karanta cikin daƙiƙa goma sha biyar bai karanta komai ba.

Maman Ikram:
Wallahi Malam ko minti ɗaya ba a yi ba. Layi ne a bayana, tana ta sauri.

Ɗalibin Likitanci:
Salam. Bari in ɗan sa baki da abin da muka karanta. A 2004 wasu masu bincike a ƙasar Holan, Devillé da abokan aikinsa, sun tattara nazarce-nazarce 70 a kan tsinken nan. Abin da suka samu, naitarait shi kaɗai yana kama kashi 45 zuwa 60 ne cikin ɗari na masu cutar a yawancin wurare. Amma wajen wanke marasa cutar yana da ƙoƙari, kashi 85 zuwa 98. In aka haɗa murabba'an biyu, aka ce ko wanne ya nuna an ƙirga, kamun yakan tashi zuwa tsakanin 68 da 88.

A sauƙaƙe, mu ƙaddara mata 100 sun zo da kukan fitsari, 50 daga ciki da gaske suna da cutar. Naitarait zai kama kamar 25, ya saki 25. A cikin 50 masu lafiya zai yi wa kamar 3 ƙazafi. Ke nan in ya nuna, 25 cikin 28 gaskiya ne. In bai nuna ba kuwa, a cikin mata 72 da aka ce su tafi gida, 25 suna ɗauke da cutar. Ɗaya cikin uku ke nan. Anti Maman Ikram tana cikin waɗannan.

Baban Yusra:
To ai ka dawo kan maganata. Abin da ke sakin rabin ɓarayi wane irin ɗan sanda ne?

Likitan Karkara:
Irin wanda in ya kama mutum, da wuya ka je ka tarar ba ɓarawo ba ne. Wannan ma amfani ne, Malam.

Maman Ikram, sannu da jiki. Ni a ganina kuskuren da aka yi miki ya riga tsoma tsinke. Ba a saurare ki ba. Mace baliga, ba ta da ciki, ta zo da zafin fitsari da yawan zagayawa, babu farin ruwa babu ƙaiƙayi a gaba, wannan labarin kaɗai ya kai yiwuwar cutar mafitsara sama da kashi 90 cikin ɗari. An wallafa wannan a mujallar JAMA tun 2002. In yiwuwa ta kai nan, tsinken da bai nuna ba bai isa ya rushe ta ba. Da ni kika samu, zan tambaye ki zazzaɓi, ciwon gefen baya, amai, ranar al'adarki ta ƙarshe, da ko akwai ruwa na fita. In duk babu, magani zan ba ki na 'yan kwanaki, in ce in bai sauka cikin kwana biyu ba ko zazzaɓi ya shigo ki dawo da gudu.

Akwai ma wani gwaji da aka yi a birnin Christchurch na ƙasar New Zealand, aka buga a mujallar BMJ a 2005. Mata ne masu alamun cutar amma tsinkensu bai nuna komai ba. Aka raba su biyu, wasu aka ba su trimethoprim na kwana uku, wasu aka ba su ƙwayar da babu magani a ciki. Waɗanda suka sha na gasken zafin fitsarinsu ya riga sauka, kamar kwana 3, ɗaya ɓangaren kuma kwana 5. Jiki magayi ne, tsinke bai fi shi sani ba.

Mai Kemis:
Likita Allah ya saka da alheri, yau ka wanke mu. Kullum ana zagin masu kemis wai muna ba da magani ba gwaji. Ga shi da bakinka ka ce labari ya isa.

Likitan Karkara:
A'a Alhaji, kar ka ɗora mini abin da ban ɗauka ba. Na ce mace baliga, mara ciki, mai alamu ƙarara, wadda aka yi wa tambayoyi aka cire sauran abubuwa. Ban ce duk wanda ya leƙo taga ya ce "sanyi ke damuna" a ƙulla masa cipro da Ampiclox da Flagyl a leda ɗaya ba. Kuma Allah ya sa ba haka kake yi ba.

Mai Kemis:
Ni dai ina tambaya kafin in bayar. Amma ku ma ku duba, matar da ta zo da naira dubu ɗaya a hannu, in na tura ta a shuka fitsari, kuɗin gwajin ya ninka abin da ta riƙo, ta jira kwana uku tana fama. Ba za ta je ba, kemis na gaba za ta shiga. Shi ya sa na sayi kwalbar tsinke na ajiye, da babu gara ba daɗi.

Ɗan Lab:
Alhaji a ina kake ajiye kwalbar? Kuma yaushe ka buɗe ta?

Mai Kemis:
Tana kan kanta kusa da taga. Tun wajen ƙaramar salla na buɗe, ba ta ƙare ba tukuna.

Ɗan Lab:
To ka ji. A jikinta an rubuta kar zafi ya wuce digiri 30, kar rana ta taɓa ta, wasu ma har an rubuta kar a sa a firij. Shagon kwano a watan Afrilu ai ya haura 40. Sannan ga damina ta wuce a kanta, duk buɗewa danshi na shiga. Murabba'in naitarait in ya sha iska yakan rine da kansa, sai ka tsoma a fitsarin lafiyayye ya ba ka ruwan hoda. Ka zaro guda ɗaya yanzu ka duba, in ka ga ya fara sauya kala tun bai taɓa fitsari ba, zubar da kwalbar duka. 'Yar jakar nan da ke ciki mai tsotse danshi kuma ba shara ba ce, na sha ganin an cire ta an yar.

Abin da ya fi wannan muni, na taɓa aiki a wani wuri da maigidan ke sa mu tsaga tsinke gida biyu a tsaye da almakashi, ɗari ya zama ɗari biyu. Hannu ya taɓa, iska ta shiga, gefen ya wargaje. Wata uku na yi na bar wurin.

Sista Mai Awo:
Salamu alaikum. Na ga ana ta maganar mara ciki, bari in yi magana a kan nawa mutanen. Mai ciki hukuncinta daban ne gaba ɗaya. Ita ko ba ta jin komai, in akwai bakteriya a fitsarinta sai an kashe, domin ciki yana sassauta hanyoyin fitsari, ƙwayar ta samu sauƙin haurawa ƙoda, kuma hakan na iya jawo naƙuda kafin lokaci ko jariri ya zo da ƙarancin nauyi.

Ƙa'idar awon ciki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 cewa ta yi a shuka fitsari, shi ne hanya. Inda babu halin shuka, a rina fitsarin a duba a madubin likita, wannan ya fi tsinke. Tsinke shi ne na ƙarshe a layi. Mu kuwa ranar awo mata saba'in ne a kan benci, tsinken ne kawai a hannunmu. Yana taimakonmu wajen furotin da suga, amma in mai ciki ta ce mini mararta na ciwo ko fitsari na mata zafi, ko tsinke ya fito fari fat ba na sallamarta, takardar lab nake rubuta mata.

Wata matsalar kuma yadda ake kawo fitsarin. Mace ta kawo shi a kwalbar maganin tari da ta ɗauraye a gida, tun na asuba, sai sha ɗaya za a duba. Mai ciki kuma dama ruwa na yawan zubo mata, in ya gauraya da fitsari dole murabba'in fararen ƙwayoyin jini ya yi shuɗi-shuɗi ko babu komai a mafitsara.

Amaryar Bana:
Sista don Allah yaya ake kawo shi daidai? Ni kunya ke hana ni tambaya a asibiti.

Sista Mai Awo:
Babu kunya ƙanwata. Ki karɓi robar asibiti, kar ki zo da taki. Ki wanke hannu, ki yi tsarki da ruwa zalla daga gaba zuwa baya. Ki buɗa jikinki da yatsu, ki fara fitsarin a masai, sai ya yi nisa kaɗan ki tara robar ki ɗebi na tsakiya, ki ƙarasa sauran a masai. Kar yatsa ya shiga cikin robar ko murfin. Ki miƙa shi kafin awa biyu. In kina al'ada ki faɗa, don jini zai nuna a tsinken a ɗauka wani abu ne.

Ɗan Lab:
In ƙara a kan na Sista: a faɗa mana magungunan da ake sha. Bitamin C ɗin nan da ake jefawa a ruwa yana tafasa, in ya yi yawa yana danne naitarait da jini duka. Mai ciwon suga da sugansa ya hau sosai, murabba'in fararen ƙwayoyin jini yakan yi sanyi. Wanda ya riga ya sha kafso kwana biyu kafin ya zo, shi kam har shukar ma ya lalata mana. Maganin tarin fuka rifampicin kuma yana mayar da fitsari ja-ja kamar ruwan lemo, kalar ta rufe komai.

Anti ta Birmingham:
Na jima ina karantawa, maganar surukar Maman Ikram nake jira a taɓo, na ga kowa ya tsallake. Ni nas ce, gidan kula da tsofaffi nake aiki a nan Ingila. A nan ƙa'ida ce a rubuce: wanda ya haura shekara 65 ba a gano masa cutar fitsari da tsinke. Haka wanda ke da robar fitsari a jiki. Da na zo sabuwa abin ya ba ni mamaki, don a gida mun saba duk tsohon da ya shigo sai an tsoma.

Dalili shi ne tsofaffi da yawa bakteriya na zaune a mafitsararsu lafiya lau, ba ta cutar da su. A gidajen tsofaffi irin namu abin yakan kai rabin mata. Mai robar fitsari kuwa in ta yi wata guda a jikinsa, kusan kowa za ka samu da ita. Saboda haka tsinke zai nuna, shuka ma za ta nuna, kuma duka ba ƙarya suka yi ba, ƙwayar na nan. Sai dai zamanta ba ciwo ba ne. In ka ba da magani ba ka ƙara wa tsohuwa komai ba sai gudawa, kuma ka koya wa ƙwayoyin jikinta jure magani, ranar da ciwon gaske ya zo a rasa na ba ta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tsinke ya rufe ido. Tsoho ya rikice ko ya faɗi, a tsoma, ya nuna, kowa ya ce alhamdu lillahi an gano. Ashe ciwon huhu ne, ko ƙishirwa ta busar da shi, ko wani magani ne ya yi masa yawa.

Maman Ikram, ki sa a mayar da Hajiya surukarki wurin likita a gaya masa gudawar nan, kar a jira kwana bakwai su cika. A riƙa ba ta ruwan gishiri da suga kafin nan.

Maman Ikram:
Anti na gode. Yanzu na tura wa maigida saƙonki, ya ce gobe da safe zai kai ta.

Hajiya Babba:
Ni fa duk kun rikita ni. Mu da muka taso, zafin fitsari sanyi, farin ruwa sanyi, ciwon mara sanyi, ƙaiƙayi sanyi. A jiƙa magani a sha a yi tsarki da shi. Yanzu kun ce wani a sha magani, wani kar a sha.

Likitan Karkara:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ai kin taɓo inda gizo ke saƙa. Kalmar nan "sanyi" buhu ce da aka zuba cututtuka huɗu ko biyar a ciki. Akwai cutar mafitsara, wadda muke magana a kai, yawancinta E. coli ce da ke tasowa daga hanjin mutum kansa, ba daga masan wani ba. Akwai ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo, wannan naman gwari ne ke kawo shi, kafso ma ƙara masa ƙarfi yake yi. Akwai cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, wanda sai an yi wa miji da mata magani tare, in da abokiyar zama har da ita. Akwai kuma wanda ya haura mahaifa. Dukkansu suna iya sa murabba'in fararen ƙwayoyin jini ya nuna, don shi bai san daga ina sojojin suka fito ba. Shi ya sa shi kaɗai ba na gina hukunci a kansa.

Namiji matashi da ya zo da zafin fitsari, tunanina na farko ba mafitsara ba ne, musamman in akwai ɗigar mugunya. Dattijo kuma sai na duba furostet, wato ƙullutun nan da ke ƙasan mafitsarar maza. Namiji ko wane ne, in ana zargin cutar fitsari, shuka ta kama.

Ɗan Maradi:
Salamu alaikum, ina gaida mutanen Nijeriya. Nan wurinmu bandalet muke ce ma tsinken, shukar kuma ECBU. Ɗana mai shekara tara, bara bayan damina, hitsarinshi ya riƙa zuwa da jini a ƙarshe. Muka kai shi likita, bandalet ta nuna jini da fararen ƙwayoyi, aka ba shi magani sau biyu bai daina ba. Sai wani lokotoro ya tambaye shi ko yana wanka a tabki. Ashe tsargiya ce. Aka duba a madubi aka ga ƙwan tsutsa, aka ba shi praziquantel, shi ke nan.

Ɗan Lab:
Madalla da wannan misali. Duk inda akwai dam ko kududdufi ko fadamar shinkafa, yaro ya zo da jini a ƙarshen fitsari, tsargiya ce farkon zargi. A nan tsinken yana da rana sosai, don da murabba'in jini ake tantance 'yan makaranta a ƙauyuka. Fitsarin tsakar rana ake so, tsakanin goma na safe da biyu, lokacin ƙwan ya fi fita. Ka ga akasin na naitarait da ke son na asuba. Tsinke ɗaya, tambaya biyu, lokaci biyu.

Maman 'Yan Biyu:
To jarirai fa? Tawa wata biyu gare ta, in ta yi zazzaɓi zan iya sayen tsinken in gwada a gida?

Likitan Karkara:
A'a, kar ki soma. Jaririn da bai kai wata uku ba in ya yi zazzaɓi, asibiti kai tsaye, ko tsakar dare ne. Jarirai ba sa riƙe fitsari balle naitarait ya taru, tsinke zai ce miki babu alhali akwai. Kuma a wannan shekarun zazzaɓi na iya zama abin da ya fi cutar fitsari nisa.

Ɗalibin Likitanci:
Shi ya sa ni a ganina a daina wahala, kowa a shuka masa. Shuka ita ce alƙali, in ƙwayar ta kai 100,000 a kowace mililita ta fitsari akwai cuta, in ba ta kai ba babu.

Ɗan Lab:
Ɗalibi, sannu da ƙoƙari, amma alƙalin naka ma yana da nasa. Wannan adadi na 100,000 daga aikin Edward Kass ne a Boston, a 1956, kuma ya tsara shi ne don bambance ƙwayar gaske da dattin da ya faɗa cikin roba, a kan masu ciwon ƙoda da matan da ba su da alamu. A 1982 Walter Stamm da abokansa a Seattle suka nuna cewa mace mai zafin fitsari tana iya samun cutar gaske da ƙwaya 100 kacal a mililita. Ke nan lab da ke riƙe da tsohon ma'auni zai rubuta "ba a samu tsiro mai ma'ana ba" ga mace mai ciwo. Da wannan ma'aunin kuma aka auna tsinken a yawancin nazarin da ka kawo.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya. Fitsari ya yini a kan benci babu firij, wuta ta ɗauke injin ɗumama faranti ya huce, gobe a rubuta wa mutum "Staph ya yi yawa". Staph ɗin nan wata bakteriya ce, kuma sau da yawa ta jikin fata ce ta faɗa ciki. Mutum ya ɗauki takardar nan ya shekara yana yawo da ita daga kemis zuwa mai maganin gargajiya da lasifika a kasuwa, wai yana da Staph a jini. Ba na ce Staph ba ta kama mafitsara ba. Akwai wata irinta, saprophyticus, da ke kama 'yan mata da amare, kuma ita ba ta yin naitarait sam, haka ma Enterococcus. Ko fitsarin asuba aka kawo, tsinke ba zai yi ruwan hoda ba.

Likitan Karkara:
Ban da haka, ɗalibi, in na ce kowa sai shuka, a inda nake lab mafi kusa tafiyar awa ɗaya da rabi ce a kan babur. Ina ajiye shuka ga waɗanda ta zama dole: mai ciki, namiji, yaro, mai zazzaɓi da ciwon gefen baya, wanda ya sha magani bai ji sauƙi ba, da wadda abin ke dawo mata a kai a kai. Amfaninta babba ma ba faɗin akwai ko babu ba ne, faɗin wane magani ne zai ci. Septrin da ampicillin da muka taso da su, yanzu sau da yawa takarda na dawowa an rubuta ƙwayar ta fi ƙarfinsu, cipro ma ta bi sahu.

Tsinke kuma ina tsoma shi ne in labarin ya zo rabi da rabi, alama ɗaya tak, ba ta fito fili ba. A Ingila ma haka suka tsara wa mata 'yan ƙasa da 65: zafin fitsari, sabon tashin dare don fitsari, da fitsari mai gurɓata da ido ke gani. Biyu cikin uku, ba sai an tsoma ba. Ɗaya ce, a tsoma. Anti ta Birmingham za ta gyara mini in na kauce.

Anti ta Birmingham:
Haka yake Likita, bayan an tabbatar babu farin ruwa.

Baban Yusra:
To na sauko kaɗan. Amma har yanzu ina ganin wanda ya ƙirƙiro abin nan ya jawo wa ma'aikata lalaci.

Ɗalibin Likitanci:
Baba ai ba don wannan aka fara yin sa ba. Helen Free da mijinta Alfred, a kamfanin Miles da ke jihar Indiyana ta Amurka, su suka fito da Clinistix a 1956, don masu ciwon suga su riƙa duba suga a fitsari ba tare da an dafa shi a kwalba ba. Daga baya aka yi ta ƙara murabba'ai har suka kai goma.

Mai Kemis:
Ɗan Lab, na zaro guda ɗaya kamar yadda ka ce. Na biyu daga sama ya yi ɗan ja-ja, alhali a hoton kwalba fari ne. Saura kusan arba'in a ciki.

Ɗan Lab:
Shi ne na naitarait ɗin. Tun yaushe yake haka, Allah kaɗai ya sani. Zubar, Alhaji. In za ka sake saye ka nemi ƙaramar kwalba, ka rubuta ranar buɗewa a murfi, ka sa ta a durowa ta ƙasa.

Mai Kemis:
Arba'in fa. Kai, Allah ya mayar da alheri.

Maman Ikram:
Jama'a ga bayani. An kai Hajiya yau da safe, likitan ya tambaye ta ko tana jin zafin fitsari ko ciwon mara, ta ce ita ƙafa ce kawai ke damunta. Ya ce a tsayar da kafson, ya ba ta ruwan gishiri da suga, ya ce in gudawar ba ta tsaya cikin kwana biyu ba ko aka ga jini a dawo da ita a duba bayan gidan. Ni kuma saura kwana uku in gama nawa. Sista, in na gama sai na koma an sake shuka, ko shi ke nan?

Sista Mai Awo:
In kin warware sarai kuma ba ki da ciki, yawanci ba a sakewa. Amma tunda ya taɓa ƙoda, ki koma ranar da suka rubuta miki a kati, ki tafi da takardar sakamakon. Kina da tabbacin babu ciki dai ko?

Maman Ikram:
Sista kin sa ni ƙirga. Bari in biyo ki ta akwati.